ADIBAS GA JAMI'A: Yadda Jihohin Amurka Ke Ranta wa Jami'o'insu Kuɗi Kafin Tallafi Ya Iso

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙon makaranta, ko da ƙarama ce, ya san da bambanci tsakanin kuɗin da aka rubuta masa a takarda da kuɗin da ke cikin akwati ranar biyan albashi. Ana iya amince wa makaranta da kuɗi mai tsoka a cikin kasafin shekara, amma ƙarshen wata ya zo, Ma'aji ya duba ya tarar ba abin da zai sallami malamai da leburori. Wannan matsala ba ta tsaya ga ƙananan makarantu ba. Har jami'o'in gwamnati na ƙasar Amurka, waɗanda kasafinsu ke kai wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, su kan shiga cikinta.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana wata dabara da jihohin Amurka kan yi in haka ta faru, watau Baitulmalin jiha ya ba jami'a kuɗi tun kafin tallafin da ta ke jira ya iso, bisa sharaɗin in ya iso a cire. Za mu duba abin da ke kawo bukatar yin haka, da yadda a ke yinsa, da abin da ya auku a waɗansu jihohi uku. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, irin wannan kuɗi ba ya ƙara wa jami'a ko anini, lokacin karɓa kaɗai ya ke matsowa da shi. Saboda haka yana maganin jinkiri, amma ba ya maganin rashi, kuma yawancin ɓarnar da a ke samu daga rikita waɗannan biyu ta ke tasowa.

Kalmomin da za mu yi aiki da su

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fanni, ya kamata mu tantance su kafin mu ci gaba. Aro shi ne karɓar abin da za a mai da shi kansa, kamar riga ko jaki. Rance shi ne karɓar abin da za a kashe ko a cinye, a mai da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi shi ne nauyin da ke kan wanda ya ci rance har ya biya. Jingina kuwa ita ce abin da mai cin bashi ya ajiye wurin mai ba shi don ya sami natsuwa. Akwai kuma kafin alƙalami, wanda a kan ba ɗan kwangila ko mai sana'a don ya fara aiki.

Kalmar da ta fi dacewa da zancenmu ita ce adibas. Ta shigo Hausa daga Turanci, ta kuma zauna sosai a zamanin cinikin gyaɗa, sa'ad da kamfanonin Kano ke ba wakilansu kuɗi a farkon kaka su shiga ƙauyuka su sayo, in sun kawo kaya a auna a cire abin da aka ba su. Ma'aikaci ma ya kan karɓi adibas a tsakiyar wata, a yanke a albashinsa. Abin da ya bambanta adibas da sauran rance shi ne, tun ranar bayarwa an san takamaiman kuɗin da za a cire shi daga ciki, an kuma san lokacin zuwansu. In ba a san waɗannan biyu ba, to, bashi ne kawai aka sa masa wani suna.

Tallafi kuma a nan muna nufin kuɗin da wata hukuma ta yi alkawarin ba jami'a don wani aiki da aka ambata, ba don a mayar ba, sai dai a ba da lissafin yadda aka kashe.

Inda kuɗin jami'a ke fitowa

A Amurka jami'o'in gwamnati kusan duka na jihohi ne. Kuɗinsu na fitowa ta manyan ƙofofi huɗu. Ta farko kason da Majalisar Dokokin jiha ke yanka musu kowace shekara, wanda a kan sake shi kashi-kashi, wani wuri wata-wata, wani wuri bayan wata uku-uku. Ta biyu kuɗin makaranta da ɗalibai ke biya, wanda babban sashensa ke fitowa daga tallafi da rancen da Gwamnatin Tarayya ke ba ɗaliban. Ta uku tallafin bincike da na ayyukan gona da na lafiya daga hukumomin Tarayya. Ta huɗu kyautar masu hali, da kuɗin ɗakunan kwana da abinci da makamantansu.

Waɗannan ƙofofi ba lokaci ɗaya su ke buɗewa ba. Kuɗin makaranta sau biyu ya ke zubowa da yawa, wajen Agusta da wajen Janairu, farkon zangon karatu ke nan. Shekarar kuɗi ta jihohi 46 daga cikin 50 ran 1 ga Yuli ta ke farawa, amma ta Gwamnatin Tarayya sai ran 1 ga Oktoba. Albashi kuwa, wanda shi ne ya fi komai cin kuɗin jami'a, ba ruwansa da zango ko shekarar kuɗi, ranarsa na zuwa sai a biya. Ashe ke nan ko jami'ar da lissafinta ya daidaita a ƙarshen shekara tana iya samun watannin da abin fita ya fi abin shiga.

Dalilin da ya sa tallafi ke makara

Wanda bai saba ba zai zaci in an ce an ba jami'a tallafin dala miliyan ɗaya, to, an zuba mata kuɗin ke nan a banki. Ba haka abin ya ke ba. Abin da a ke ba ta izni ne na ta kashe har iyakar wannan adadi a kan aikin da aka amince, cikin lokacin da aka yanka.

A shekarar 2013 Ofishin Kasafin Kuɗi na fadar Shugaban Amurka ya tattara ƙa'idodin tallafin Tarayya wuri ɗaya, suka fara aiki a watan Disamba na 2014. Bisa ga waɗannan ƙa'idodi, jami'ar da littattafan lissafinta ke da kyau tana iya jawo kuɗi gab da lokacin da za ta kashe su, amma iyakar bukatar da ke gabanta kaɗai, ba a yarda ta tara su ta ajiye ba. In har kuɗin Tarayya sun zauna a hannunta sun haifi ruwa fiye da dala 500 a shekara, sai ta mai da rarar. Hanya ta biyu ita ce jami'a ta fara kashe nata, sa'an nan ta aika da takardar neman a maido mata, ita kuwa hukumar da ta ba da tallafin an ɗibar mata kwana 30 ta biya, muddin ba ta ga kuskure a takardar ba. Wannan hanya ta biyu ita a kan bi da wanda a ke shakkar lissafinsa, ita ce kuma aka fi bi in tallafin ya biyo ta hannun wata hukumar jiha ko wata jami'a dabam. Har ila yau, a tallafin bincike a kan yardar wa jami'a ta fara kashe kuɗi tun kwana 90 kafin ranar fara aiki, amma da sanin cewa in tallafin bai tabbata ba, asarar tata ce.

Bari mu kawo misali na ƙiyasi don abin ya fito fili. A ce an ba wata jami'a tallafin dala 1,200,000 na shekara guda, watau dala 100,000 kowane wata, aka fara aiki ran 1 ga Oktoba, kuma bayan wata uku-uku a ke neman a maido. Ƙarshen Disamba ta kashe dala 300,000 daga aljihunta. Akawuna za su ɗauki watan Janairu suna haɗa rasit da takardun albashi, kafin su gama an kashe wata 100,000. In aka biya cikin Fabrairu, 300,000 ta farko kaɗai za ta dawo, alhali aiki bai tsaya ba. To, in jami'ar tana da irin wannan tallafi guda 100, a ƙarshen Janairu dala miliyan 40 nata na waje, ba su ɓata ba, amma ba za ta iya biyan albashi da su ba.

Babbar jami'a mai ajiya ba ta jin wannan, gama daga ajiyarta ta ke ɗauka ta mayar. Ƙaramar jami'a marar ajiya ita ke shiga uku. Abin mamaki ma, yawan samun tallafi na iya ƙara mata ƙunci, tun da kowane sabon tallafi sai ta fara zuba nata kuɗi a cikinsa.

Akwai kuma wani tarko. In Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi shakkar riƙon kuɗin wata makaranta, tana iya sa ta cikin tsananin sa ido, wanda a mataki na biyu makarantar ce za ta fara biyan ɗalibai tallafinsu daga kuɗinta, ta kai shaida, sa'an nan a maido mata. Watau daidai lokacin da hannunta ya fi bushewa, a lokacin a ke ce mata ta fara biya.

Yadda a ke ba da adibas

Jami'ar da ta shiga wannan hali hanya uku ke gabanta: ta ranto daga banki da ruwa, ko ta taɓa kuɗin da aka keɓe don wani aiki dabam, ko ta nufi mai ita, watau jiha. Hanya ta biyu ta saɓa wa sharaɗin da aka ba da kuɗin a kansa, ko da ya ke an sha bin ta a ɓoye. Ta ukun ita ce ta fi araha, domin Baitulmalin jiha kullum yana da kuɗin haraji da ke jiran ranar kashewa.

Amma Ma'ajin jiha ba shi da ikon buɗe Baitulmali don tausayi. Ƙa'ida ce a tsarin mulkin jihohin Amurka cewa ba a fid da kuɗi sai da iznin doka. Saboda haka ko dai akwai dokar da ta riga ta ba wani ofishi ikon ba da adibas, ko a saki kason jami'a na watannin gaba tun yanzu, ko kuwa Majalisar Dokoki ta zauna ta yi doka musamman. Dokokin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma abubuwan da mai ba da adibas ya kamata ya nema ba su canzawa. Ya ga takardar tallafin da sa hannun hukumar da ta yi alkawari. Kada adibas ya wuce abin da a ke jira. A yanka ranar biya, in da hali kafin shekarar kuɗi ta ƙare. A shirya yadda kuɗin da zarar sun iso za su wuce Baitulmali, ba tare da sun kwana a hannun jami'a ba. Sa'an nan jami'a ta riƙa kawo lissafin shiga da fita a kai a kai.

Kada kuma a ɗauka jiha ba ta hasarar komai in ta ba da adibas ba ruwa. Kuɗin da ke Baitulmali ba kwance su ke ba, ana juya su suna kawo riba. In muka koma ga misalinmu, dala miliyan 40 da aka ba da na wata shida, a ce riba kashi 4 cikin 100 ce a shekara, jiha ta yafe dala 800,000 ke nan. Wannan ita ce gudummawar gaskiya da ke cikin adibas, kuma da wuya a gan ta a rubuce cikin kasafi.

Jinkiri ko rashi

Kuɗin da a ke cewa ana jira iri uku ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, an yi aiki, an kashe kuɗi bisa ƙa'ida, an aika da takardar neman biya. Wannan ƙwai ne a baka. Na biyu, an sa hannu a takardar tallafi amma ba a yi aikin ba tukuna. Wannan kaza ce a akurki, tana nan, amma sai an kama. Na uku, an dai aika da roƙo, ko ana sa ran Majalisa za ta ƙara kaso, ko ana fatan ɗalibai za su ƙaru baɗi. Ba da adibas a kan wannan cinikin biri a sama ne.

Hanyar gane ciwon jami'a ba ta da wuya. A jera watanni 12 na shekara, a rubuta abin da zai shigo da abin da zai fita kowane wata. In akwati ya yi ƙasa a waɗansu watanni amma ya koma yadda ya ke a ƙarshen shekara, jinkiri ne, adibas zai warkar da shi. In kuwa kowace shekara ya kan ƙare ƙasa da inda ya fara, to, abin da a ke kashewa ya fi abin da a ke samu, kuma adibas ba abin da zai yi sai ɓoye ciwon. Wanda ya karɓi kason Afrilu a watan Nuwamba, in Afrilu ta zo me zai karɓa? Sai ya nemi na Yuli. Haka ramin zai yi ta matsawa gaba yana ƙara zurfi, har ranar da ba sauran abin da za a jawo. Manomin da ya ci bashin hatsi da bazara a kan amfanin da bai shuka ba ya san wannan lissafi sarai.

Abin da ya faru a jihohi uku

Jami'ar Jihar Karolina ta Kudu, wadda ke garin Orenjbag, an kafa ta a 1896. A shekarar 2014 ta kasa biyan 'yan kasuwar da ke binta bashi, binciken jiha kuma ya nuna an yi shekaru ana ɗibar kuɗin da aka keɓe don binciken aikin gona da wayar da kan manoma ana toshe giɓin yau da kullum. A wannan shekara jiha ta ranta mata dala miliyan 6, daga baya aka amince da wata miliyan 12. A farkon 2015 har wani kwamitin Majalisa ya kawo shawarar a rufe jami'ar na shekara biyu. Ba a rufe ta ba, amma Majalisa ta sauke hukumar gudanarwarta aka naɗa ta riƙon ƙwarya. A 2016 aka yafe mata rancen miliyan 12, gama an ga ba ta da inda za ta samo.

Jami'ar Jihar Kentaki, a garin Firankfot, an kafa ta a 1886. A watan Yuli na 2021 shugabanta ya sauka, Gwamna Andy Beshear ya umarci hukumar kula da ilimi mai zurfi ta jihar ta binciki kuɗinta. Don a samu a ci gaba da biyan albashi sai da aka sakar mata kasonta na ƙarshen shekarar kuɗi tun lokacinsa bai yi ba. Hukumar ta gano sai an ba ta dala miliyan 23 kafin ta iya kai ƙarshen shekara. A 2022 Majalisar Dokoki ta ba da wannan adadi a matsayin rance marar ruwa, ta ware wata miliyan 15 da za a riƙa saki gwargwadon gyaran da aka gani, ta kuma sake mafi yawan 'yan hukumar gudanarwa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jihar, wanda ya fito a 2023, ya ƙara bayyana wani abin takaici, watau sakacin lissafi ya shafi tallafin Tarayya na fiye da dala miliyan 3. Wannan ya nuna ko kazar da ke akurki tana iya kuɓucewa in mai ita bai iya kamu ba.

Jami'ar Jihar Tenesi, a birnin Nashbil, ta buɗe a 1912. A 2022 ta ɗauki sababbin ɗalibai masu yawan da ba ta saba ba, ta yi musu alkawarin tallafin karatu, ta biya na farko da kuɗin agajin annobar korona da Gwamnatin Tarayya ta bayar. Wannan kuɗi kuwa na lokaci ɗaya ne, alhali karatun ɗalibi shekara huɗu ne. A watan Maris na 2024 Majalisa ta rushe hukumar gudanarwarta, Gwamna Bill Lee ya naɗa sabuwa. Kafin ƙarshen shekarar sai da jiha ta tura mata kimanin dala miliyan 43 don a biya albashi, wani sashe daga kasonta na gaba, wani daga kuɗin da aka tanada don gini, an kuma sallami ma'aikata fiye da 100. A 2025 aka yi yarjejeniya ta juya dala miliyan 96 daga kuɗin gine-ginenta zuwa harkokin yau da kullum cikin shekara uku, ƙarƙashin sa idon jiha.

In aka duba ukun nan za a ga tafiyarsu ɗaya ce. An fara da ɗauki na gaggawa, aka tarar ciwon ba jinkiri ba ne, abin da aka bayar ya zama ko dai kyauta, ko bashi mai dogon zango, ko cin kuɗin gobe. A dukansu kuma jami'a ta biya da wani abin da ba a rubuta a takardar rance ba, watau ikon tafiyar da kanta.

Asalin rashin ajiya

Ba adalci ba ne a tsaya nan, kamar dai sakacin shugabanni ne kaɗai sanadi. Jami'o'in nan uku duk na baƙar fata ne a asali. A 1862 Majalisar Tarayya ta yi dokar da a ke kira da sunan Morrill, wadda ta ba jihohi filaye don su kafa kwalejojin aikin gona da sana'a. Da ya ke jihohin Kudu ba su yarda baƙar fata su shiga waɗannan kwalejoji ba, sai aka yi doka ta biyu a 1890, wadda ta ce ko a buɗe ƙofa ga kowa, ko a kafa musu nasu dabam. Jihohin suka zaɓi na biyun. Jami'o'i 19 ne ke ƙarƙashin wannan doka ta 1890.

Tallafin Tarayya na binciken aikin gona yana da sharaɗin jiha ta sa dala guda a kan kowace dala da Tarayya ta bayar. Jihohi sun saba cika wannan ga jami'o'in 1862, amma waɗansu sun yi shekaru ba su cika shi ga na 1890 ba. A 2021 wani binciken Majalisar Dokokin Tenesi ya ƙiyasta abin da aka tauye wa jami'ar jihar tsakanin dala miliyan 150 da miliyan 544, a 2022 kuma aka ware mata miliyan 250 don gine-gine. Daga cikin wannan kuɗi ne aka juya miliyan 96 da muka ambata. A watan Satumba na 2023 Sakataren Ilimi Miguel Cardona da Sakataren Aikin Gona Tom Vilsack suka rubuta wa gwamnoni 16 cewa, bisa lissafinsu, tsakanin 1987 da 2020 an rage wa irin waɗannan jami'o'i fiye da dala biliyan 12, na Tenesi kaɗai dala biliyan 2.1.

Saboda haka gardama ta kasu biyu. 'Yan Majalisa da masu binciken kuɗi suna cewa ga rahotanni nan sun nuna an kashe abin da babu, an kuma yi wasa da lissafi. Magoya bayan jami'o'in kuwa suna cewa mai ba da rancen shi ne a ke bi bashi tun farko, da ya biya da jami'a ta tara ajiyar da za ta hana ta roƙo. Duka maganganun biyu suna da hujja, ɗaya kuma ba ta soke ɗaya. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, adibas ba zai iya biyan haƙƙin shekara talatin ba, ba kuma zai iya gyara littafin lissafi ba.

In mai alkawari ya saɓa

Duk ƙarfin adibas yana rataye ne da cikar alkawarin mai tallafi, shi kuwa alkawarin gwamnati ma yana iya makara ko ya warware. A jihar Ilinoi, daga Yuli 2015 zuwa Yuli 2017, Gwamna da Majalisa sun kasa daidaitawa a kan kasafi. Nan sai abin ya juye, jami'o'i da yawa suka riƙa ɗauke wa ɗalibai matalauta kuɗin da jiha ta yi alkawarin biya musu, suna jiran a maido. Watau jami'a ce ta ba jiha adibas. Jami'ar Jihar Shikago, wadda ba ta da ƙarfin jira, ta sallami ma'aikata fiye da 300 a watan Afrilu na 2016.

Shekarar 2025 kuma ta nuna tallafin Tarayya ma ba dutse ba ne. A watan Fabrairu hukumar binciken lafiya ta ƙasa, wadda a ke kira NIH, ta ba da sanarwar rage abin da ta ke biyan jami'o'i na ɗawainiyar gine-gine da ofisoshi zuwa kashi 15 cikin 100, sai da wata kotun Tarayya a Bostan ta dakatar da matakin. An kuma soke tallafin bincike da dama aiki na tsaka. Daga 1 ga Oktoba ayyukan Gwamnatin Tarayya suka tsaya har kwana 43 saboda rashin kasafi. Ma'ajin jihar da ya ga waɗannan dole ya ƙara tambaya kafin ya ba da kuɗi a kan takardar tallafi, ko da da sa hannu a kanta.

Abin da ya shafe mu

Ko da ya ke misalanmu na Amurka ne, malaman jami'o'i da kwalejojin horon malamai na Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan tsari. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, kashi-kashi ya ke sakin kuɗin gini da na bincike, ba ya ba da na gaba sai an kawo lissafin na baya, ba ya kuma biyan albashi. Makarantar da ta yi jinkirin kai lissafi ita ke tsai da kuɗinta da hannunta, kuma jarrabar taɓa kuɗin wani aiki don toshe wani tana nan kamar yadda ta ke a ko'ina. Tambayoyin da muka jera a sama su ne dai ya kamata hukumar makaranta ta yi wa kanta kafin ta nemi adibas ko ta karɓa.

Kammalawa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba abin kunya ba ne jami'a ta nemi mai ita ya tsallakar da ita wata biyu ko uku kafin haƙƙinta ya iso. In tallafin tabbatacce ne, an san adadinsa da ranarsa, aka kuma rubuta yadda za a cire, adibas ya fi rancen banki araha, ya kuma fi taɓa kuɗin amana tsabta. Amma kafin a buɗe Baitulmali wajibi ne a shimfiɗa lissafin watanni 12 a gaban kowa, a faɗi gaskiyar abin da ya nuna. In ya nuna rashi, to, magana ta koma gaban Majalisar Dokoki, ko ta ƙara kaso a fili, ko jami'a ta rage abin da ta ke kashewa, ko a yi duka biyun. Jihohin nan uku duk a nan suka ƙare, sai dai sun iso bayan an sallami ma'aikata, ko an rushe hukuma, ɗalibai da iyayensu kuma sun kwana cikin zullumin ko makarantarsu za ta buɗe baɗi. Zanen aro ba ya rufe katara.